Daga ina wutar lantarki take fitowa, kuma me ya haɗa ta da ƙwayar zarra?

Abban_Sadiƙu
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na zo da tambayar da ta fi ƙarfina. Ɗana da yake aji biyu na ƙaramar sakandare ya dawo jiya ya ce an koya musu cewa wutar lantarki wasu ƙananan abubuwa ne da ake kira ilektiron, masu gudu a cikin waya, kuma daga ƙwayar zarra suke fitowa. Sai ya tambaye ni cewa in haka ne, me ya hana su ƙarewa a cikin wayar gidanmu da ta haura shekara ashirin tana aiki? Ya kuma tambaya ko madatsar Kainji ce take ƙera su, ko kuwa daga ruwa ake tatso su. Na yi shiru, domin ba na so in ba yaro amsar da ban tabbatar da ita ba. Ina roƙon masu ilimin abin su warware mana.

Malam_Isyaku_Fiziks
Wa alaikumus salam, Abban Sadiƙu. Allah ya yi wa yaron albarka, domin wannan tambaya ce ta mai tunani. Duk abin da hannu zai taɓa, ƙarfe ne ko ruwa ko itace, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Ƙanƙantarsu ta kai in aka jera ƙwayoyin jan ƙarfe a layi, sai an samu kusan miliyan huɗu kafin a cika milimita ɗaya. Kowace ƙwaya tana da cibiya mai ɗauke da furoton da nutiron, sannan ilektiron suna kewaye da ita. Furoton yana da caji mai alamar tarawa (+), ilektiron yana da kishiyarsa mai alamar ragewa (-), nutiron kuma ba shi da ko ɗaya, kuma jan da ke tsakanin cajin biyu shi ke riƙe ilektiron kusa da cibiya. In aka ce ƙwayar zarra ta kai girman filin ƙwallo, to cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar dawa a tsakiyar filin ba, amma kusan duk nauyin yana cikinta, saboda furoton ya ninka ilektiron nauyi sau 1,836.

Yawan furoton shi ke bambanta sinadari da sinadari: haidirojin yana da ɗaya, alminiyam 13, jan ƙarfe 29, yuraniyam 92. A jan ƙarfe, ilektiron na can waje ba a riƙe yake da ƙarfi ba, don haka yakan bar ƙwayarsa ya riƙa yawo a cikin ƙarfen gaba ɗaya. Wayar gidanka tun ranar da aka saye ta a kasuwa cike take da waɗannan ilektiron masu yawo. Kainji ba ta ƙera ko guda ɗaya, tura waɗanda suke nan kawai take yi. A roba da busasshen itace kuwa ilektiron a ɗaure suke, shi ya sa ake lulluɓe waya da roba.

Sani_Bakin_Kogi
Malam Isyaku, ina neman afuwa, amma ni tun tasowata abin da nake ji shi ne wutar a cikin ruwan take, injin kuma tace ta yake yi. Hujjata ita ce mutum in hannunsa a jiƙe yake ya fi saurin jin jan wuta. Ashe wannan bai nuna ruwa yana da lantarki ba?

Malam_Isyaku_Fiziks
Malam Sani, abin da ka lura da shi gaskiya ne, fassararsa ce ta kauce. Ruwa tsantsa ba ya barin wuta ta ratsa shi sosai. Gishiri da sauran sinadaran da suka narke a cikinsa su ne suke ba ta hanya, kuma jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare wuta kamar busasshiya. Ruwan hanya ya buɗe mata, ba shi ne tushenta ba. A madatsa, nauyin ruwan da ke gangarowa daga sama shi ake buƙata, ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Ruwan da ya fita ta ƙasan Kainji ruwa ne kamar yadda ya shiga, har ma ya sake juya injinan Jebba a gaba.

Usta_Garba_Riwayindin
Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na shekara da shekaru ina kwance janareta ina naɗa masa sabuwar waya, kuma abin da Malam ya faɗa ya yi daidai da abin da idona yake gani. In ka buɗe bayan ƙaramin janareta, abu biyu za ka tarar: naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe da take tsaye a jikin gidan injin, da kuma wani dunƙule a tsakiya da yake juyawa, wanda yake zama maganaɗisu in yana aiki. Fetur ba ya kusantar wayar nan ko kaɗan, aikinsa ya ƙare ne a juya sandar tsakiya.

Akwai abin da yake yawan zuwa shagona. Mutum ya ajiye janareta wata da watanni, ya tayar da shi, injin yana ƙara lafiya lau amma ƙwai ko ɗaya bai kama ba. Sau da yawa ɗan ragowar maganaɗisun da ke cikin ƙarfen tsakiya ne ya gushe. Sai in ɗauko batir mai bolt 12 in ɗan taɓa shi a kan burushin, wato ɗan gawayin da ke kai wuta ga dunƙulen tsakiya, na ɗan lokaci kaɗan, nan take ka ga allurar mita ta ɗaga. Ban zuba masa wuta ya ajiye ba, maganaɗisun na farfaɗo masa. Amma ina gargaɗin kada wanda bai san aikin ba ya gwada wannan a gida.

Injiniya_Hauwa
Usta Garba, Allah ya ƙara basira, abin da kake yi a shago shi ne abin da Michael Faraday ya gano a Landan a 1831, wato in maganaɗisu yana motsi kusa da naɗaɗɗiyar waya, yakan ingiza ilektiron da ke cikinta. Kainji da aka kammala a 1968 mai ƙarfin megawat 760 (megawat ɗaya shi ne wat miliyan ɗaya), da Jebba, da Shiroro da Zungeru da suke kan kogin Kaduna, duk kan wannan ƙa'ida suke aiki. Haka ma tashar Egbin ta Ikorodu mai megawat 1,320, sai dai ita iskar gas take ƙonawa ta dafa ruwa, tururi ya juya farfela. Kaso mafi yawa na wutar Najeriya ma daga iskar gas yake, ba daga ruwa ba, duk da cewa sunan Kainji ne ya fi zama a bakin mutane.

Game da tambayar yaron ta farko, Abban Sadiƙu, ka nuna masa sarƙar keke. Sarƙar tana zagayawa, ba ta raguwa, kuma ba ita ce take tafiyar da keken ba, ƙarfin ƙafar mai tuƙi take kaiwa ga tayar baya. Haka ilektiron suke: duk wanda ya shiga ƙwan fitila ta waya ɗaya, wani yana fita ta ɗayar, shi ya sa dole sai da waya biyu, kuma da zarar an yanke ɗaya komai ya tsaya. Abin da zai ƙara ba shi mamaki shi ne ba gudu suke yi ba. A wayar gida tafiyarsu ba ta kai milimita ɗaya a daƙiƙa ba. Turawar ce take isa kusan da saurin haske, kamar yadda in ka taka feda duk sarƙar take motsawa lokaci guda. Sannan wutar da ake kawo mana mai kai da komowa ce, sau 50 a kowace daƙiƙa, kamar zarton kafinta, don haka ilektiron ɗin wayar gidanka suna nan inda suke suna ɗan girgiza, babu wanda ya taso daga Kainji ya zo ɗakinka.

Abban_Sadiƙu
Injiniya, na gode ƙwarai, misalin sarƙar keke ya shige ni. To amma in babu abin da yake tasowa daga can ya zo nan, kuɗin me muke sakawa a mita?

Injiniya_Hauwa
Kuɗin turawar kake biya, wato makamashin. Abin da mita take kira yunit ɗaya shi ne aikin wat dubu na tsawon awa guda. Dutsen guga mai wat dubu zai cinye yunit ɗaya a awa ɗaya, ƙwan fitila mai wat goma kuwa sai ya yi awa ɗari. Duk lokacin da ka kunna wani abu, janareta a can tasha yana ƙara nauyin juyawa, sai an ƙara masa ruwa ko gas. Usta Garba zai shaida yadda muryar janareta take sauyawa in an jona masa firji.

Alaramma_Mudi
Ina bin wannan tattaunawa da sha'awa, kuma ina so in ja hankali kan kalmar zarra ita kanta. Daga Larabci muka same ta, kuma ta zo a Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratul Zalzala, inda aka ambaci gwargwadon nauyin zarra na alheri da na sharri. Malaman tafsiri na farko sun fassara ta da ƙaramar tururuwa, wasu kuma da ƙurar da ake gani tana yawo in hasken rana ya shigo ɗaki ta taga. Daga baya ne Larabawa suka ɗauki kalmar suka sanya wa wannan abu na kimiyya, mu ma muka bi su. Na faɗi haka ne domin kada yaro ya ɗauka ƙurar da yake gani a hasken taga ita ce ƙwayar da Malam Isyaku yake bayani, alhali kowane ɗigon ƙura yana ɗauke da biliyoyinsu.

Bashir_Dalibi
Allah ya gafarta Malam, wannan faɗakarwa tana da amfani. A Turai ma sunan ya riga sanin abin. Masanan Girka na dā, irin su Dimokuritas, sun kira shi da sunan da yake nufin abin da ba ya yankuwa, sai ga shi a 1897 J. J. Thomson ya gano ilektiron a Kambirij ta Ingila, a 1911 Ernest Rutherford ya nuna akwai cibiya, a 1932 kuma James Chadwick ya gano nutiron. Abin da ya fi jan hankalina shi ne Faraday ya samar da wuta da maganaɗisu shekara 66 kafin a san akwai ilektiron.

Ina kuma da ɗan gyara ga Anti Hauwa, cikin girmamawa. A darasinmu na jami'a an nuna mana cewa makamashin ba ta cikin jan ƙarfen yake bi ba, ta sararin da ke kewaye da wayoyin yake bi, a cikin filin lantarki da na maganaɗisu, wato tasirinsu da ke bazuwa a sarari ba a ganinsa, kamar yadda John Poynting ya bayyana a 1884. Misalin sarƙa yana iya sa mutum ya ɗauka komai a cikin wayar yake faruwa.

Malam_Isyaku_Fiziks
Bashir, maganarka daidai ce a lissafi, amma ban yarda a fara da ita ga yaron aji biyu ba. Na daɗe a aji, kuma na ga yadda ɗalibi yake rufe zuciyarsa da zarar an haɗa masa abubuwa biyu da ba ya gani a lokaci ɗaya. A bar shi ya riƙe sarƙar keke har ta zauna masa, in ya girma a nuna masa inda misalin ya gaza.

Bashir_Dalibi
Na ji, Malam, sai dai ni da kaina na sha wuya kafin in cire misalin ruwa a bututu daga kaina, domin da shi aka fara koya mini. Ina ganin ko ba a yi masa bayanin ba, ya kamata a gaya masa tun yanzu cewa misali ne kawai.

Dan_Arlit
Gaisuwa daga Nijar. Daga bayananku na fahimci cewa ba a taɓa cibiyar zarra wajen samar da wuta, ilektiron na waje kawai ake turawa. To ina matsayin yuraniyam da ake haƙa a garinmu tun 1971? Mun taso muna jin cewa da shi ake haskaka Faransa, wadda kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga tashoshin nukiliya yake. Mu kuma nan wutar da take zuwa Arlit da Agadas daga kwal take, wanda kamfanin SONICHAR yake haƙa yana ƙonawa a Cirozerin. Yamai da Doso kuwa sun daɗe suna dogara da layin da ya taso daga Najeriya ta Birnin Kebbi, kuma kowa ya ji a jikinsa lokacin da aka katse shi a watan Agustan 2023. Ina so in san ko wutar nukiliya wata irin wuta ce daban.

Injiniya_Hauwa
Ɗan uwa na Arlit, wutar iri ɗaya ce, hanyar dafa ruwan ce ta bambanta. A nan ne kaɗai ake taɓa cibiya. In nutiron ya bugi cibiyar yuraniyam mai lamba 235, wato wanda jimillar furoton da nutiron ɗinsa 235 ce, takan tsage gida biyu, ta saki zafi mai yawa tare da wasu nutiron biyu ko uku, su kuma su je su tsaga wasu. Ana sarrafa wannan da sanduna masu shanye nutiron domin kada ya wuce kima. Zafin ya mayar da ruwa tururi, tururi ya juya farfela, daga nan kuma sai maganaɗisu da waya irin na shagon Usta Garba. Irin wannan yuraniyam mai tsagewa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wanda ake haƙowa ba, kusan 0.7 ne, shi ya sa sai an kai shi waje an tace an ƙara masa yawa kafin ya shiga tasha. Wannan tacewar da ginin tashar su ne masu tsada, kuma abin yana damuna cewa ƙasar da take da ma'adinin ita ce take cikin masu ƙarancin wuta a duniya.

Ummi_Samaru
Ƙarin bayani kaɗan. Akwai ƙaramin injin nukiliya a Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya fara aiki a 2004. Ƙarfinsa kimanin kilowat 30 ne, kuma don bincike da gwajin sinadarai aka kafa shi, ba ya ba kowa wuta. Na faɗa ne saboda na sha jin mutane suna cewa daga can ake haskaka jami'ar.

Nura_Mai_Sola
Ina ganin an yi ta maimaita cewa sai an juya maganaɗisu, alhali a kan rufin gidaje da yawa yanzu akwai wutar da babu abin da yake juyawa a cikinta. Faifan sola da silikon ake yin sa, sinadari mai furoton 14 da ake samu daga yashi. Ana haɗa shi hawa biyu, ɗaya an ɗan cuɗa shi da sinadarin da ke ƙara masa ilektiron, ɗaya kuma da mai rage masa. In hasken rana ya sauka, yakan fizgo ilektiron daga mazauninsa, mahaɗar hawa biyun kuma ta tilasta masa bin gefe ɗaya, sai ya zagaya ta waya ya dawo. Haske ne yake aikin, ba zafi ba. Masu saye da yawa suna mamaki in na ce musu faifan ya fi ba da wuta da hantsin hunturu in sama ta washe, fiye da tsakar ranar bazara da ya ɗauki zafi. Ƙura kuwa babbar abokiyar gabarsa ce. Na taɓa zuwa gidan da aka ce sola ta lalace, na hau rufi na tarar ana iya rubutu da yatsa a kan gilashin. Da tsumma da bokitin ruwa ɗaya aka gama gyaran.

Wutar sola da ta batir hanya ɗaya take bi, ba ta kai da komowa, shi ya sa ake sayen inbata domin ta mayar da ita irin wadda firji da fanka suke so. Batir ma ba ma'ajiyar ilektiron ba ne da yake ƙarewa. A batir irin na mota, dalma da ruwan asid da ke cikinsa ne suke sauyawa yayin da suke tura ilektiron, caji kuma yana mayar da su yadda suke.

Hajiya_Talatu
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ina ƙaruwa. Ni tambayata ta cikin gida ce. Da hunturu in na cire mayafi ko na yaye bargo cikin duhu, nakan ji ƙara ƙas-ƙas har in ga ɗan tartsatsi, wani lokaci kuma in na taɓa ƙofar mota sai ta ja ni. Babu waya, babu janareta, kuma da damina ba na ganin haka. Wannan ita ma lantarki ce?

Malam_Isyaku_Fiziks
Hajiya, ita ce, kuma ita ɗan Adam ya fara sani. In abubuwa biyu suka gogi juna, ɗaya yakan kwashi ilektiron daga ɗaya, sai caji ya taru a jikinki. Da damina laimar iska tana kwashe shi a hankali ba ki sani ba, da hunturu kuwa iska a bushe take, sai ya taru har ki taɓa ƙarfe ya tsallaka gaba ɗaya. Walƙiya ma haka take, sai dai tsakanin gajimare da ƙasa. Girkawan dā sun lura cewa in aka goga wani busasshen ƙaro na itace yana jan ƙananan abubuwa, kuma daga sunan wannan ƙaro a harshensu aka samo kalmar da ta zama ilektiron, wadda ita ce asalin lantarki da muke faɗa. A nan ilektiron suna barin wani abu su tare a wani, sai dai cikin ƙiftawar ido suke komawa, shi ya sa ba a iya kunna fitila da ita.

Sani_Bakin_Kogi
Na karɓi gyaran da aka yi mini kan ruwa. Saura abu ɗaya: in turawa ce kawai, me ya sa ake buƙatar manyan turakun ƙarfe da taransifoma a kowace unguwa, kuma me ya sa tsuntsu yake sauka a kan wayar ba abin da yake samunsa?

Injiniya_Hauwa
Malam Sani, waya tana ɗumama in wuta tana bi ta cikinta, kuma wannan ɗumin asara ne. In yawan wutar da ke gudana ya ninka biyu, asarar ninkawa huɗu take yi. Dabarar ita ce a ɗaga ƙarfin turawa, wato bolt, domin a rage yawan abin da yake gudana. Shi ya sa manyan layukan Najeriya suke ɗaukar bolt 330,000 da 132,000, a sauke zuwa 33,000 da 11,000, taransifomar unguwa kuma ta sauke zuwa kimanin 230 na gida. Taransifoma naɗin waya biyu ne a kan ƙarfe ɗaya, kuma ba ta aiki sai da wuta mai kai da komowa. Tsuntsu kuwa ƙafafunsa biyu a kan waya ɗaya suke, babu bambancin turawa tsakaninsu. Da zai haɗa waya biyu, ko waya da turke, da ya mutu nan take, kuma abin da yake samun mutumin da yake tsaye a ƙasa ke nan in ya taɓa waya.

Abban_Sadiƙu
Na zaunar da Sadiƙu daren jiya na karanta masa amsoshinku, muka juya kekensa muka kalli sarƙar. Na kuma gaya masa misali ne kawai, kamar yadda Bashir ya nema. Ya gamsu cewa ilektiron ba sa ƙarewa, amma ya ce shi bai ga dalilin da zai sa maganaɗisu ya tura abin da yake cikin jan ƙarfe ba, tunda ya gwada maganaɗisun tsohuwar rediyo a kan wayar bai kama ta ba. Usta Garba, in ba damuwa, zan so in kawo shi shago ranar Asabar ya gani da idonsa.

Usta_Garba_Riwayindin
Ku zo da hantsi kafin aiki ya yi yawa, Abban Sadiƙu. Ya taho da maganaɗisun nasa. Ina da ragowar siririyar waya, zan sa shi ya naɗa ta da hannunsa a kan bututun roba mu jona wa mita, ya ajiye maganaɗisun a ciki ya ga allura ba ta motsa ba, sannan ya zare shi da sauri. Dalilin da ya sa sai an motsa shi kuwa, wannan sai Malam Isyaku ko Injiniya su yi masa bayani in mun dawo.